Tambayoyi da amsoshin lafiya: Shin gashin ciwon daji yana ƙarasa mara lafiya?

Tambaya: Likita, mece ce ƙwayar halitta?

Amsa: Ita ce tubalin da aka gina jiki da shi, ba ta ganuwa sai da madubin likita. Babban mutum yana da kusan tiriliyan 30. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, ɓargo ya ƙera sababbi.

Tambaya: Ina da cikin wata biyar, an ce sikanin yana ƙona jariri.

Amsa: Ba ya ƙonawa, Malama. Sikanin ciki da sauti yake aiki. Hoton ƙashi ne daban, shi kam ki gaya wa mai ɗauka kina da juna biyu. Kada ki fasa zuwa awo.

Tambaya: An yi wa mahaifiyata aikin dajin mama, an tura mu gashi asibitin Shika da ke Zariya. Dangi sun ce gashi ƙarasa mutum yake, kuma za ta shafa wa jikokinta guba. Yanzu wani magani ake shafa mata a gida.

Amsa: Bawan Allah, a daina shafa wannan magani yau ɗin nan. Ana kawo mana mata an cusa musu toka da kanwa, har da ruwan batir, a kan miki, nama ya ruɓe, dajin kuwa yana nan yana cin gabansa. Wai magani!

Sunan ne ke tsorata mutane, amma ba wuta a gashi. Akwai ƙwayoyin zarra, wato mitsi-mitsin ɓurɓushin da komai ya ginu da su, da cibiyarsu ba ta zauna daram ba, kamar kobal-60, kullum tana farfashewa tana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Duk shekara biyar da kamar wata uku ƙarfinta yake raguwa da rabi. Sababbin injina da lantarki suke samar da irin wannan haske. Idan aka saita shi a kan wurin ciwon, sai ya tsittsinka DNA, wato rubutun umarnin da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta. Ƙwayar daji ba ta iya gyara ɓarnar sosai, idan ta zo rabuwa biyu sai ta mutu. Lafiyayyun ƙwayoyi kuwa suna ɗinke tasu kafin gobe. Shi ya sa ake yinsa kaɗan-kaɗan, Litinin zuwa Juma'a, yawanci mako uku zuwa biyar. Hajiya za ta kwanta kamar minti 15, ba za ta ji komai ba. Idan kuna tsallake ranaku, dajin kuke ba hutu ya farfaɗo.

Da an kashe injin, shi ke nan, babu abin da ya rage a jikinta. Ta rungumi jikokinta. Masu ciwon maƙoƙon da aka ba su aidin-131, wani magani mai fitar da irin wannan haske, suka haɗiye ne ake ce wa su nisanci yara da masu ciki na 'yan kwanaki.

Su waɗanda ake cewa gashi ya kashe, akasari sai da ciwon ya bazu zuwa huhu da ƙashi aka kawo su, bayan an gama yawon gidajen masu magani.

Za ta ji kasala, fatar wurin za ta yi duhu, wani lokaci ta saɓule. A wanke da ruwan ɗumi ba dirza, kada a goge alamar da aka zana mata, ta sa riga mai yalwa ta auduga, kuma ban da man zafi. Idan ta yi zazzaɓi ko wurin ya fara ruwa, ku koma asibiti a ranar. Ka kai ta Shika cikin makon nan, da takardunta duka.