Gidan gonar Groot Constantia da rufinsa na ciyawa

Tambaya: Malam, na ga hoton wani farin gidan gona a Afirka ta Kudu mai suna Groot Constantia, an ce tun farkon zuwan Turawan Holan yake tsaye. Gaskiya ne? Kuma me ya sa masu hali irinsu suka yi rufin ciyawa?

Amsa: Gonar ce ta daɗe haka, ginin da ka gani bai kai ta shekaru ba. A 1685 kamfanin kasuwancin Holan da ke mulkin yankin Cape ya ba shugaban wurin, Simon van der Stel, wannan fili a bayan dutsen Table, ya dasa inabi ya gina gida. Bayan rasuwarsa a 1712 aka raba gonar aka sayar. Siffar da gidan yake da ita yanzu aikin Hendrik Cloete ne, wanda ya saye shi wajen ƙarshen shekarun 1770, ya faɗaɗa shi da kuɗin giyar inabin da sarakunan Turai ke saye.

Batun ciyawa kuwa ba rowa ba ce. Kayan rufi na Turai sai jirgin ruwa ya yi watanni kafin ya kawo su, ga wata ciyawa mai ƙwari tana fitowa a yankin, tana tare zafi da sanyi. Tubalinsu ma bai gasu sosai ba, ruwan sama na cin sa, shi ya sa suke yin bango mai kauri su yaɓe shi, su shafe da farar ƙasar da ake samu daga ƙona bawon halittun teku. Farin da ya burge ka, asalinsa kariya ne.

Dubi bangon nan da ya ɗaga sama da ƙofar gaba yana lanƙwasa. Kamar zankon gidajen Kano, yana nuna matsayin mai gida, amma yana da aiki: yana ba da wurin tagar da ke haska ɗakin sama, yana hana ruwa zuba a bakin ƙofa, in kuma gobara ta tashi ciyawa mai cin wuta ba za ta faɗo ta toshe mafita ba. Magina a Cape kan shimfiɗa yumɓu a saman silin saboda wannan tsoron. Duk da haka wuta ta cinye gidan a 1925, lokacin yana hannun gwamnati da ta saye shi a 1885, sai aka sake gina shi bisa tsohon fasalinsa ƙarƙashin kulawar masanin zanen gine-gine Franklin Kendall.

Abin da hoto ba ya nunawa, kuma a ganina ya fi ado muhimmanci, shi ne waɗanda suka yi wahalar. Bayi ne da aka kwaso daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya, cikinsu har da Musulmi magina da kafintoci. An soke bauta a Cape a 1834, amma sai 1838 aka sake su daga aikin dole. Yanzu gidan ya zama gidan tarihi, gonar kuma har yau ana noman inabi a cikinta.