Amsar da ban ba ka ba a zauren Rafindadi

Taubashina, ranar da muka zauna a zaure bayan ɗaurin aure, ka jefo min magana a gaban jama'a, wai mu 'yan zangon Kumasi jari-hujja ta cinye mu, ba mu san gayya ba, ba mu san zumunci ba, sai sidi, kuɗin Ghana. Dariya kawai na yi saboda akwai manya a wurin. Yanzu na dawo gida, gajiyar hanya ta sake ni, to ga amsarka.

Gaskiyarka, ba mu yin gayya, don ba mu da gonar da za a taru a nome. Fatauci ne ya kai kakanninmu Gwanja. Da jakuna suka bar Katsina ɗauke da kanwa da fatu da baƙin rini, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga su sayi goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar ta watse, mutane suka gangara kudu, mu aka yada zango a Kumasi. Amma ka tambayi kanka, baƙon da bai jin yaren Tonawa, wato Asante mutanen Kumasi, bai san kowa ba, ta yaya zai sayar da ko ƙwaryar goro ɗaya? Maigida ne ke sauke shi, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. In mai saye ya ɗauka bashi, maigidan ne ke tsayawa lamuni, in aka gudu shi zai biya. La'ada yake ci, ba don Allah kaɗai yake yi ba, ban ɓoye maka ba. Sai dai wanda ya ci amana sau ɗaya, babu gidan da zai ƙara sauke shi daga nan har Accra. To wannan me za ka kira shi, jari-hujja ko gurguzu?

Inda maganarka ta fi yi min ciwo shi ne da ka ce mun auri Tonawa mun ɓata jini. Kakata ta wajen uwa Batoniya ce, ka sani. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutane suka riƙa sayar da gidaje a wulaƙance, kakana ma ya hau mota ya koma Katsina, hannu rabbana. 'Yan'uwan matarsa, waɗannan da kake rainawa, su suka riƙe masa gida da rumfa har ya dawo, ko tabarma ba ta ɓata ba. Mahaifiyata har ta rasu ba ta ba da labarin nan ba tare da ta share ido ba. Rikicin da ke akwai na gado ne, don su a al'adarsu ta ɗakin uwa ake gado, ɗan 'yar'uwa ke cin dukiyar kawunsa. Mu kuwa malamai ke raba mana yadda shari'a ta ce, kuma an sha kai ruwa rana a kan haka.

Hausarmu kuma, na ji yaranku suna kwaikwayona. E, yaranmu kan ce "Hajiya ya zo". Amma je ka kasuwar Kejetia da safe ka ga Tonawa a layi suna sayen koko da ƙosai da sunansu na Hausa, sannan ka faɗa min wa ya rinjayi wani.

Abin da ba zan musa ba, abubuwa sun ja baya. Manyan gidajen saukar baƙi na unguwar Aboabo an yanka su ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Adashin da iyayenmu mata ke aurar da 'ya'ya da shi yana nan, amma matasa sun fi son mai susu, wanda ke bi rumfa-rumfa yana karɓar ajiya kullum, ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ladansa. Kowa da nasa, ba ruwan wani da wani. Ni kaina ɗana ya ƙi zama a rumfata, wai ribar ba ta isa biyu.

Ku ma dai ban ga gayyar ba. Kwana tara na yi a Katsina, duk wanda na ji yana maganar gona, kuɗin 'yan ƙwadago da na taki yake lissafawa. In ka shirya ka zo bayan sallah, ɗakin baƙi na gidanmu ba mu sa shi haya ba tukuna.