Kafin a sa diga a titi, me za a duba?

Malam, ka ce za ku haƙa kwalbati a wani titi mai cunkoso a Kaduna, kana tambayar ta ina za a fara.

Fara da abin da ido ba ya gani. Nemi bayanin bututun ruwa da wayoyin ƙarƙashin ƙasa daga hukumar ruwa da kamfanin wuta na Kaduna Electric, sannan a yi ramin gwaji da shebur kafin injin haƙa ya taɓa wurin. Duba sama kuma: hannun injin da bayan tifa kada su kusanci babbar wayar lantarki (11kV ko 33kV) ƙasa da mita 3.

Rami ya kai mita 1.2, a tokare bangonsa, a janye ƙasar da aka haƙo kamar mita 1 daga baki. Da damina nake fi jin tsoro, musamman Agusta: jar ƙasa ta sha ruwa takan rufta ba gargaɗi, don haka a sake dubawa bayan kowane ruwa.

Sai ababen hawa. Sanar da KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kaduna, a kafa alamun gargaɗi tun daga nesa, a jera robobin tare hanya masu tsini a karkace. Mai tuta da ke ba motoci hannu ya sa riga mai ƙyalli. A bar wa masu tafiya ƙasa hanyarsu daban, dare kuma a kunna fitila.