Amsa ga baiwar Allah da ke tambaya kan kasuwancin kawo mutane

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika ce a sakaya sunanki, na karanta tambayarki kuma tun kafin in kai ƙarshe gabana ya faɗi. Kin ce ƙawarki ta kai ki semina a wani otal, an ce ki yi rajista da naira dubu 120 a ba ki shayin lafiya da sabulu da man goge baki, ki kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu, daga nan kina ɗaki kuɗi na shigo miki. Kin ce kwasar adashinki ce ta zo, kina so ki ji daga bakin waɗanda suka taɓa yi. To ni na yi, na kuma daɗe a ciki. Don Allah don Annabi kada ki shiga.

Ni matar wan mijina ce ta sa ni. Anti muke ce mata. Gida ɗaya muka zauna kafin kowa ya yi nasa, ita ta yi min wankan jegon fari, don haka da ta ce ga hanyar arziki ban kawo komai a raina ba. Ta nuna min alat a wayarta, ta nuna min hoton wata mata an miƙa mata makullin mota ana ta tafi. Abin da ba ta gaya min ba shi ne kowane wata sai na sayi kaya na wani adadi kafin makina ya ci gaba da ƙirguwa, in na tsallake wata ɗaya bonas ya wuce ni. Kayan kuma ba su sayuwa. Wa zai sayi man goge baki a ninkin ba ninkin kuɗin na kanti, a wannan marra da ake auna shinkafa da gwangwani? Na farko ƙawaye suka saya don kunya, na biyu suka ce bashi, daga na uku suka daina ɗaga wayata. Kwalaye suka cika ƙarƙashin gado, ina jawo su ina duba kwanan watan lalacewarsu da fitilar waya cikin dare don kada maigida ya gani. In na kai kuka wurin Anti sai ta ce ai ba a sayar da kaya ake samu ba, a kawo mutane ne, in cike ƙafata ta hagu ta yi daidai da ta dama, wato layi biyun mutanen da ke ƙarƙashina. Da bakinta ta faɗa.

Wace ce mace mai aure ta sani in ban da danginta da maƙwabtanta da 'yan Islamiyyarsu? Su ne jarin da ake so daga wurinki, ba dubu 120 ɗin ba.

Abin da har yau nake kwana da shi maganar Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Mijinta ya rasu, tana ƙauye da marayu, ba ta da komai sai tumakin da take kiwo ta sayar gab da layya. Ta zo birni ganin likita saboda ciwon suga, ta sauka a gidana, Anti ta shigo ta same ta. Ina kicin ina jin su. Ta zauna a tabarma kusa da ita, tana "Gwaggo, ai wannan shayin shi ne ƙarshen suga, mun ga waɗanda suka ajiye allura gaba ɗaya", ta ce kuma in ta yi rajista a ƙarƙashina za ta riƙa samun kayan da araha, ga kuɗi duk wata na ciyar da marayu. Gwaggo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, in dai ke kina ciki ai shi ke nan." Ta koma gida ta sayar da tumakinta tun lokacinsu bai yi ba, ta aiko da kuɗin a ƙulle cikin leda baƙa, an naɗe da kyallen atamfa. Ta ajiye maganin asibiti ta kama shayi safe da yamma. Ba a jima ba ƙaya ta soke ta a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, aka kawo ta a kwance. Sai da aka cire mata yatsu biyu.

Ranar da na kira Anti daga bakin ɗakin marasa lafiya, ina kuka, kun san abin da ta ce min? Wai ita ba ta ce wa kowa ya bar maganinsa ba, wai ƙila Gwaggo ba ta sha yadda aka tsara ba ne. Kafin ta kashe wayar kuma ta tuna min wata ya kusa ƙarewa ban sayi kayan wata ba. Wallahi tallahi haka aka yi. Ko dubiya ba ta zo ba, ko lemo ɗaya. Bayan nan muka haɗu a wani suna na dangi, babban ɗan Gwaggo ya tsaya a tsakar gida a gaban mata ya ce mun cinye tumakin uwarsa mun nakasa ta. Anti na zaune da sabon leshi da gwal a wuya, ta ce ita kasuwanci take yi na halal, wanda bai samu ba shi ne bai yi ƙoƙari ba, ta ci gaba da cin abincinta. Ni ce na tashi na shige banɗaki. Gwaggo kuwa har yau ba ta taɓa ɗaga min maganar ba, in na je gaishe ta sai ta sa a dama min fura, kuma wannan ya fi min zagin ɗanta ciwo. Da Anti gaisuwa kawai ke haɗa mu yanzu, mazajenmu ma sai da abin ya taɓa tsakaninsu, wa da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya. Na bar ta da Allah. Ban yafe ba tukuna, ba zan yi ƙarya ba.

Ki yi haƙuri na yi nisa. Na san abin da ƙawarki za ta ce miki, don duk baki ɗaya aka koya musu. Za ta ce su ba MMM ba ne, suna da kaya a hannu. Gaskiya ne akwai bambanci: MMM alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata ta yi ba tare da ko tsinke na sayarwa ba, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Waɗannan kuwa suna ba ki kwali ki riƙe. Amma ki tambayi kanki daga ina bonas ɗin na sama ke fitowa. In daga rajistar sababbi ne da sayen dolen da 'yan ciki ke yi duk wata, to kwalin lulluɓi ne kawai. Ko a Amurka, inda aka ƙirƙiro harkar, hukumar kare masu saye ta FTC ta sa kamfanin Herbalife, mai irin wannan harkar, ya biya dala miliyan 200 a 2016, ta kuma tilasta masa ya sauya tsari ya riƙa biyan mutane bisa abin da aka sayar wa masu saye na gaske. Ƙasar Sin, wadda da yawan kayan nan daga can ake kawo su, ta haramta irin wannan biyan na hawa-hawa a cikin ƙasarta tun 2005.

Ƙanena ne ya zaunar da ni da biro da takarda lokacin da nake ta musu. Ya ce kowa ya kawo biyu ko? Biyu, huɗu, takwas, sha shida. A hawa na 20 ana buƙatar mutum fiye da miliyan ɗaya, a hawa na 28 ana buƙatar fiye da miliyan 268, sun fi duk mutanen Najeriya har da jarirai. Kuma ko a ina aka tsaya, kusan rabin duk waɗanda ke ciki suna layin ƙarshe ne, sun biya ba su kawo kowa ba. Ba lalaci ba ne, haka ginin yake. Sai ki ji ana ce wa baiwar Allah wai ba ta da zuciyar nema.

Za su nuna miki takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a cikin firem. Shagon tela ma yana iya yin wannan rajistar, ba ta nufin gwamnati ta ce za ki ci riba. Za su nuna lambar NAFDAC, ita ma ba shaidar cewa abu na warkar da suga ko hawan jini ko rashin haihuwa ba ce. Don Allah 'yan'uwa, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ke shan maganin asibiti, ku sa ido. Kada ku bar kowa ya shiga ɗakinsu da jakar kaya ba ku nan, ko da ɗan gida ne.

Ta fuskar addini kuma ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki kwatanta masa tsarin dalla-dalla, ba ki ce masa "sayar da sabulu" kawai ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya fitar da fatawa a shekarar 1425 ta Hijira yana haramta wannan tsari, saboda kuɗin kamasho ake nufi ba kayan ba, ga garari, wato rashin tabbas a ciniki, ga cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Da na ji wannan tun farko da tumakin Gwaggo na nan.

In kin ga kunyar ƙawarki ba za ta bar ki ki ce a'a kai tsaye ba, ki ce ta nuna miki abin da ya shigo mata a wata shida da suka wuce, da kuma abin da ta kashe a sayen kaya, da kuɗin mota zuwa semina, da data. Alat kaɗai suke nunawa. Ki tambaye ta ko kamfanin zai karɓi kayan da ba su sayu ba ya mayar miki da kuɗinki, a rubuce. Ki tambaye ta mutum nawa ne da ba 'yan ciki ba suke dawowa da ƙafarsu su saya. Kada ma ki tsane ta, wataƙila ita ma kwalaye ne a ƙarƙashin gadonta, an matsa mata ta cike ƙafa kafin ƙarshen wata. Ni ma haka na riƙa bin mutane gida-gida har wata maƙwabciyata ta sa yaranta su riƙa cewa ba ta nan.

Kuma kada ki ɓoye wa maigidanki. Suna son a ɓoye, za su ce maza ba su son ci gaban mace, ki bari sai ya ga mota. Duk kasuwancin da aka ce ki yi a ɓoye daga wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, ki ji tsoronsa.

Kuɗin adashin nan naki, ko rabinsa kika ɗauka kika shiga Kantin Kwari kika saro yadi ko hijabai, ko kika sayi wake da kaka kika adana shi da kyau, ko kika fara yajin daddawa da ƙuli kina sa wa a kantunan unguwa, kin san nawa kika saya, kin san nawa kika sayar. In an yi asara taki ce ke kaɗai, ba ki ja kowa ba. Ni yanzu turaren wuta da humra nake haɗawa, ribar ba ta da yawa, amma da ita nake aika wa Gwaggo kuɗin magani duk wata.

Admin, don Allah ku lura da wannan tambayar, na tabbata akwai masu harkar a cikinmu kuma za su bi baiwar Allahn nan ta saƙon sirri su ce nasu kamfanin daban ne. Duk wadda ta yi miki haka, 'yar'uwa, ki ce ta zo nan ta rubuta a fili, ta faɗi nawa take sayen kaya duk wata, mu ma mu yi mata tambayoyi.