Tambaya da Amsa: Babban Kilim a Zafin Damagaram

Ina da masaukin baƙi a Sabon Gari, da babban kilim guda mai rarraba sanyi ta bututu zuwa ɗakuna takwas. Tun shigowar Afrilu sanyi ya ragu, ƙanƙara kuma tana kama bututun jan ƙarfe. Sau biyu ana ƙara gas, ba abin da ya sake. Komfaresa ce ta gaji?

Alhaji, a dakata da zancen komfaresa, wato injin da ke matsa gas ya zagaya, a dakata kuma da ƙarin gas. Gas ɗin kilim ba man mota ba ne da ake ƙonawa. Zagaye yake yi cikin rufaffen bututu, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Wanda ya ƙara maka sau biyu bai nemi ɓular ba, kuɗinka kawai ya zuba wa iska. In kuwa ba yoyon, ya cika injin fiye da kima, wannan ma illa ce.

Ƙanƙara abu biyu ke kawo ta: ƙarancin gas, ko ƙarancin iskar da ke ratsa ragar sanyi ta ciki. A garin nan na biyun ya fi yawa, saboda ƙurar hunturu da ta kwana a cikin na'ura tun Disamba. A kashe komfaresa, a bar fanka kaɗai tana juyawa har ƙanƙarar ta narke ƙarƙaf. A zare matatar iska a ɗaga ta wajen rana. In haske bai ratsa ta ba, ta toshe. A haska ragar da ke bayanta da cocila. Sau da yawa za a tarar ƙura ta haɗu da raɓa ta zama taɓo, ta like tsakanin siraran faranta kamar yaɓen ɗaki. In fankar mai bel ce, a danna bel ɗin da yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya zuwa biyu.

Sai na'urar waje. A yanke wuta daga disjonkter, makunnin da ke katse wuta in ta yi yawa, a wanke ragarta da tiyo mai sauƙin ƙarfi, daga ciki zuwa waje, don kada a ƙara cusa dattin. Injin wankin mota yana lanƙwasa farantan, kada a kusance ta da shi.

Bayan wanki a kunna, a ba shi minti 15, a auna zafin iskar da ke komawa cikin na'ura da na wadda ke fitowa. Tazarar digiri 8 zuwa 12 lafiya ce. In ba ta kai ba, sannan a nemi yoyo: a bi mahaɗan bututu da kumfar sabulu, a duba duk inda maiƙo ya tara baƙar ƙura, don mai da gas tare suke fita. A toshe ɓular, a zuƙe iskar ciki, a zuba gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta jikin farantin injin. Daga nan, wankin matata duk mako a hunturu, duk mako biyu a sauran shekara.

Ina ginin gida a Birni, an ce in sa babban kilim maimakon ƙanana a kowane ɗaki. Me zan sa wa ido wajen masu aikin?

Hajiya, tun kafin a rufe silin ake wannan magana. Fara da farantin injin: ki nemi mai alamar T3. Shi ake gwadawa a zafin waje na digiri 46, T1 kuwa a digiri 35. Wanda ya san Afrilu da Mayu a Damagaram, da zafi ke haura 40, ya san wanda zai ɗauka.

Girmansa ba da ido ake yankewa ba. Da tan ake auna ƙarfin kilim: tan ɗaya na sanyi BTU 12,000 ne a awa, kusan kilowat 3.5, kuma kowane tan yana son iska wajen mita kubik 680 a awa. A lissafa faɗin ɗakuna, tagogin da ke kallon yamma, irin rufi da yawan mutanen gida. Wanda ya yi girma da yawa yakan riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai, abin da ke cinye komfaresa ke nan.

Inda aka fi yin ha'inci shi ne saman silin, tunda ba mai hawa ya duba. Ƙarƙashin kwano da rana tsaka tanda ce. Bututun iskar da ba a naɗe da abin tare zafi ba, ko aka bar mahaɗinsa a buɗe, can zai zubar da sanyin da kika biya. Kowane ɗaki kuma a yi masa hanyar da iska za ta koma. Ɗakin da aka rufe ruf ba mafita, sabon sanyi ba ya samun wurin shiga.

Ranar haɗa bututun jan ƙarfe ki sa wani ya tsaya. A riƙa hura azot, wato iskar naitirojin, cikin bututu lokacin walda, in ba haka ba baƙin ɓawo ke fita ta ciki ya je ya toshe bawul. A cika shi da azot a bar shi ya kwana, a ga ko allurar agogo ta sauka. Sannan a zuƙe iska da famfon zuƙa har ma'aunin zuƙa ya sauka zuwa maikiron 500. Mai cewa zai "kore iska da gas" kawai, a sallame shi. Bututun ruwan da kilim ke tsiyayarwa ya gangara santimita ɗaya a kowace mita, da lanƙwasar tarko a bakinsa. Na'urar waje a inuwa, bisa dakali, nesa da bango, kada a killace ta har ta riƙa shaƙar zafin da ta fitar.

Injina tsoho ne mai gas R22. Zan iya zuba masa R410A tunda shi ya fi samuwa?

A'a, Malam. Matsin R410A ya fi na R22 da kusan rabi, man komfaresarsu ma ba iri ɗaya ba ne. R22 ana janye shi ne a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cin rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yake wuya. In injin na da sauran ƙarfi a toshe yoyonsa a ci gaba. In komfaresa ta mutu, a sauya na ciki da na waje tare.

In wuta ta dawo ko aka koma kan gurup, wato janareta, injin ofishinmu sai ya yi gurnani, disjonkter ya faɗi. Me ke faruwa?

Ɗan'uwa, kada a sake ɗaga disjonkter ɗin, kowane gurnani ƙona waya yake a cikin komfaresa. Lokacin tashi tana jan wuta ninki biyar zuwa shida na abin da take ci in ta daidaita, don haka gurup ɗin da aka auna da cin yau da kullum durƙushewa yake. In an kashe ta yanzu kuma, matsin gas bai daidaita ba, shi ya sa ake sa mata na'urar jinkiri ta minti 3 zuwa 5.

In injin mai faz ɗaya ne, wato layin wuta ɗaya, a duba kondansater, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa komfaresa tashi. Wanda kansa ya kumbura ko yake tsiyayar mai ya mutu. A sauke cajinsa kafin a taɓa, yana riƙe wuta ko an yanke layi, a sa wanda lambar maikirofarad da ke jikinsa ta yi daidai da ta tsohon. In mai faz uku ne, a auna kowane layi, kusan bolt 380 zuwa 400, bambancinsu kada ya wuce kashi 2 cikin 100. Faz ɗaya ya ɓace, gurnani. An juya biyu wajen haɗa gurup, komfaresa irin ta sukurol sai ta juya baibai, ta yi ƙara ba sanyi. Rilen tsaron faz, na'urar da ke yanke wuta in faz ya ɓace ko ya juya, yana hana duka biyun, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na komfaresa ba. A buɗe kwantakter ma, makunnin da ke haɗa wa komfaresa wuta: bakinsa in ya yi baƙi ya ciccinye, ko tururuwa ta mutu a tsakani, a sauya shi, ba a goge shi da sanfefa.