Zambar Dubu: Cika Ce Ko Mara?

Wata malamar firamare daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, ɗalibaina sun tambaye ni sunan miliyan da Hausa, na ce musu malala gashin tinkiya. Daidai ne? Kuma me ake ce wa lambar da ke rabuwa biyu daidai da wadda ba ta rabuwa?"

Malama, Allah ya ƙara basira. Malala gashin tinkiya ba adadi ba ne. Magana ce ta kambamawa, wato abu ya yi yawan da ƙirga shi sai wanda zai iya ƙirga gashin jikin tinkiya. Haka ma dubun dubata. Sunan da za ki ba yara shi ne zambar dubu.

Zambar ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an bi ta da wata lamba, tana nufin dubu sau kaza. Zambar goma 10,000 ke nan, zambar ɗari 100,000, zambar dubu kuwa 1,000,000. A kasuwa wannan ƙidaya ta yi ƙarfi, zamanin da wuri ne kuɗi. Mai ƙirga zai durƙusa gaban tulin wuri yana ja da yatsu biyar-biyar, yana ware tsibi-tsibi, har ya tara 20,000, a zuba a keso a ɗinke. Ashe ke nan zambar dubu keso 50 ne cif. Jaka ma a haka ta zama lissafi: fam 100 ce a da, da naira ta zo a 1973 sai ta koma naira 200. Raina yana ɓaci in na ji an ce wai ƙidayar Bahaushe ba ta da nisa.

Tambayarki ta biyu kuwa, yaran da kansu sun san amsarta. Yaro ya dunƙule 'ya'yan gyaɗa a hannu ya ce wa ɗan'uwansa, "Cika ko mara?" In an jera su bibbiyu ba saura, cika ce. In ɗaya ta rage ba abokiya, mara ce. Almajiri kuma ya san su da shafa'i da wutiri.

Zambar dubu cika ce, kuma tana da kyau a allo. Dubu sau dubu ce, ɗari sau ɗari sau ɗari ce. In kika yi ta farfasa ta, ba abin da za ki tarar a ciki sai lambar 2 guda shida da lambar 5 guda shida da aka ninka da juna, shi ya sa lambobi 49 ne kawai ke raba ta ba saura. Ki cire ɗaya, ta zama zambar dubu ba ɗaya, wato 999,999. Wannan mara ce, amma 3, 7, 11, 13 da 37 duk suna raba ta tas. Ki ba su su gwada.

Sai dai ki ja kunnensu kan dubun da ke cikin karin magana. In an ce "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya", ba wanda ya ƙirga kwanakin. Ɓarawon da aka kama a satarsa ta uku ma, cewa za a yi dubunsa ta cika.