Tambayoyinku: In an ƙi biyan tsohon soja kuɗin nakasa, shikenan?

Tambaya: Salam Malam, yayana ya yi aikin soja a Amurka, tun da ya ajiye aiki kunnensa ke ƙara dare da rana ga ciwon gwiwa, yana so ya nemi kuɗin nakasa amma yana tsoron kar a ƙi. In an ƙi shikenan?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. A'a ba shikenan ba ne. Ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA abu uku take dubawa, likita ya tabbatar ciwon yana nan yanzu, akwai abin da ya same shi lokacin aiki, sannan shaidar da ta haɗa biyun, kuma a nan ne mutane suka fi sakaci wallahi. Ana auna nakasa daga kashi 0 zuwa 100, ƙarar kunne ita kaɗai kashi 10 ce. Ranar gwajin likita don Allah kar ya yi ta maza ya ce da sauƙi, in hawa bene na gagararsa ya faɗa.

In an ƙi, tun 2019 hanya uku ce, ya kawo sabuwar hujja, ko babban jami'i ya sake duba fayil ɗin, ko ya ɗaukaka ƙara gaban alƙali. Kar dai ya bari shekara 1 ta wuce daga ranar da ke jikin takardar hukuncin.